Daren Da Muka Yi Jiran Husufin Wata

  

Yau za mu ba ku labarin wani dare da muka zauna a bayan gari muna jiran wata ya yi zazzaɓi, hadari kuwa ya taso ya tsaya tsakaninmu da shi. Cikin labarin za ku ji abin da ke kama wata, da dalilin da ya sa ya kan yi ja, da yadda a ke sanin ranar tun da sauran shekaru. Ku kasa kunne da kyau, gama abin zai sake zuwa, muna so kuwa ya same ku a shirye.

Mafarin Magana

A wani ƙauye da muka yi aiki akwai waɗansu mutane masu sha'awar kallon sama. Ba masana ba ne. Akwai manoma, da tela ɗaya, da wani makiyayi, da mu malamai biyu. In an yi lisha mu kan shimfiɗa tabarmi a bakin masussuka, mu yi ta duban taurari, yara na kewaye da mu. Makiyayin nan duk ya fi mu saninsu. Shi ya kan nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, da Zara, da Gamzaki, ya gaya mana lokacin fitowar kowanne. Kayan aikinmu ba su wuce idanunmu ba, sai agogo ɗaya, da fitila, da wani tsohon madubin hangen nesa na telan nan.

Cikin watan Yuli na 2018 muka sami labari za a yi husufin wata ran Jumma'a, 27 ga wata. Aka ce duhu zai fara cin wata da ƙarfe 7 da minti 24 na dare, ya rufe shi duka da ƙarfe 8 da rabi. Haske zai fara komowa da ƙarfe 10 da minti 13, wata ya fita sarai da ƙarfe 11 da minti 19. Muka rubuta wannan a takarda, muka nemi izinin mai unguwa, muka liƙa ta a ƙofar zaurensa. Muka ce wa mutane, “Ku fito ran Jumma'a, za ku gani da idanunku.”

Akwai wani dattijo a zauren. Ya dube mu, ya ce, “Malam, kai ka aiki wata?”

Muka ce, “A'a, Baba.”

Ya ce, “To, ina ka san ranar da zai yi zazzaɓi? Mutum ma bai san ranar da zazzaɓi zai kama shi ba.” Jama'a suka fashe da dariya. Sa'an nan ya ce, “In ya kama a lokacin da kuka rubuta, ni da bakina zan ce na gani. In kuwa bai kama ba, ku daina tara mana yara da dare.”

Muka ce, “Mun yarda, Baba.”

Ba wannan kaɗai ba. Kafin kwana uku magana ta bazu cikin gari, kowa na ƙara mata gishiri. Waɗansu suka ce husufi tsakiyar damina alama ce ruwa zai ɗauke. Waɗansu suka ce wani babban mutum zai mutu. Har wani magidanci ya fara zancen sayad da awakinsa, ko nawa aka saya, don ya sayi hatsi ya ɓoye. Kun ga abin ya wuce wasa. Saboda haka ran Alhamis da dare muka tara jama'a, muka nuna musu abin da za mu nuna muku yanzu.

Me Ke Kama Wata?

Da fari ku sani wata ba shi da hasken kansa. Hasken rana ne ke faɗa masa, shi kuma ya haskaka mu, kamar yadda farin bango ke haskaka tsakar gida da hantsi. Duniya kuwa ƙwallo ce, tana kewaya rana, wata na kewaya ta. Kowane abu da haske ya buga yana da inuwa. Duniya ma tana da tata, doguwa ƙwarai, ta miƙe cikin sarari ta wajen da ba rana. Ran da rana da duniya da wata suka jeru sosai, duniya na tsakiya, sai wata ya shiga cikin inuwar nan. Husufin ke nan. Mu kan ce rana ta kama wata, amma a gaskiya rana na can nesa, wajen kilomita miliyan 150 daga nan. Inuwarmu ce ta faɗa masa.

Kowa ya iya gwada wannan a ɗakinsa. Ku kunna fitila, ku ajiye ta bisa turmi, ku juya mata baya. Fitila ita ce rana, kanku shi ne duniya. Ku ɗauki lemo ku miƙa hannu gaba, ku ɗaga shi bisa kanku kaɗan. Za ku ga haske ya cika fuskar lemon. Daren goma sha huɗu ke nan. Yanzu ku sauko da shi sannu sannu har ya zo daidai fuskarku. Kun ga inuwar kanku ta rufe shi? To, wata ya yi zazzaɓi.

Wannan ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, ba a yin husufin wata sai wata ya cika, watau daren goma sha huɗu ko sha biyar. Husufin rana kuwa sai ƙarshen wata, sa'ad da wata ya gitta tsakaninmu da rana. Na biyu, ba kowane wata a ke yi ba, gama hanyar wata ta ɗan karkace. Yawanci ya kan wuce ta bisa inuwar ko ta ƙarƙashinta, kamar lemon nan da kuka ɗaga. Sai bayan kamar wata shida shida hanyar ke daidaita.

Jama'a suka gwada, suka yi ta dariya, waɗansu suka ce sun gane. Dattijon nan dai ya ce, “Lemo daban, wata daban. Sai gobe.”

Ran Jumma'a

Gari ya waye da rana fes. Muka yi murna. Amma da la'asar sakaliya sai muka ga gabas ta fara haɗewa. Kafin magariba hadari ya yi baƙi ƙirin, daidai wurin da wata zai fito. Kun san dai hadarin ƙasarmu daga gabas ya kan taso, wata kuwa ran da ya cika daga gabas ya ke fitowa, daidai faɗuwar rana.

Duk da haka muka tafi masussuka, mutane da yawa suka biyo mu. Iska ta taso, aka fara yayyafi, muka fake cikin wata rumfa. Walƙiya na can nesa, ba ta iso mu ba. Ƙarfe 7 da minti 24 ya yi, muka duba agogo, muka duba sama. Ba kome sai gajimare. Wani saurayi ya ce, “Malam, ko dai wata bai karanta takardarku ba?” Aka yi dariya. Mu kam ba mu yi ba.

A nan muka gane kuskurenmu. Mun ce wa mutane za su gani. Abin da ya kamata mu ce shi ne zai faru. Lissafi ya san inda wata zai kasance, amma bai yi mana alkawari game da hadari ba. Mun ɗauki alkawarin abin da ba shi hannunmu.

Yayyafi ya tsaya, muka fito. Wajen ƙarfe 8 sai makiyayin nan ya taɓa mu, ya ce, “Malam, dubi can.” Ya nuna wani wuri cikin gajimare mai ɗan haske-haske, kamar fitila bayan zane. Ya ce, “Tun ɗazu na ke lura da shi. Raguwa ya ke yi.” Muka zuba ido. Haka ne kuwa. Hasken ya yi ta dushewa, har da ƙarfe 8 da rabi ya ɓace ɗungum. Makiyayi ya ce, “Na sha kwana a daji cikin hadari ran da wata ya cika. Kome kaurin gajimare na kan ga shanuna. Yau ko tafin hannuna ba na gani.”

Kun ji mai lura. Bai ga wata ba, amma ya ga aikin husufi.

Sauran jama'a dai ba su gamsu ba. Sauro ya dame su, ga sanyin ruwa. Fiye da rabi suka naɗe tabarminsu suka koma gida. Can sai ƙanen telan nan ya bugo waya daga wani gari da ke arewa da mu, ya ce su sama tas ta ke, ga wata can ja wur. Tela ya miƙa wa dattijo wayar. Dattijo ya saurara, ya mayar, ya ce, “Na ji. Amma cewa na yi sai na gani.”

Muka ce, “Gaskiyarka, Baba. Gani ya kori ji. Amma akwai sauran lokaci. Ka ba mu zuwa ƙarfe 10.”

Ya ce, “Na ba ku.” Ya gyara mayafinsa ya zauna.

Bari mu tsaya nan kaɗan, mu gaya muku abin da ya sa muka ƙi tashi. Gajimare kusa ya ke. Na ruwa ya kan sauko har ya zama bai fi kilomita 1 ko 2 tsakaninsa da ƙasa ba, hadari mai tsawo ma da wuya ƙwanƙolinsa ya wuce kilomita 20. Wata kuwa yana wajen kilomita 384,000 daga nan. Da akwai hanya, motar da ke cin kilomita 100 a awa ɗaya, ba tsayawa dare da rana, sai ta yi kwana 160 kafin ta isa. Ashe gajimare ba wata ya rufe ba, idanunmu ya rufe, kamar wanda ya sa faifai a fuska ya ce gari ya ɓace. Gajimare kuma tafiya ya ke yi. Husufin daren nan kuwa dogo ne, wata zai yi awa 1 da minti 43 cikin duhu. Cikin wannan ƙarni duka, daga 2001 har 2100, babu wanda ya kai shi tsawo, gama wata ya bi ta tsakiyar inuwar ne, kuma ran nan yana wuri mafi nisa a hanyarsa, inda ya fi tafiya a hankali. Muka ce cikin lokaci mai tsawo haka, da wuya a rasa 'yar kafa.

Ƙarfe 9 ya wuce, 9 da rabi ya wuce. Can wajen ƙarfe 10 saura kwata sai iska ta sake kaɗawa. Wani yaro ya yi ihu, “Ga tauraro!” Gajimare ya tsage kamar tsohon zane. Taurari suka bayyana birjik, yadda ba a ganinsu ran da wata ya cika. Sai ga wata. Ba fari ba ne, ba kuma baƙi ba. Ja ne mai duhu, kamar garwashin da ya fara yin toka. Kusa da shi ta wajen kudu ga wani babban tauraro, shi ma ja. Shi ne wanda malaman Larabci ke kira Mirrihu, Turawa na ce masa Mas. Wata duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, a kwanakin nan kuwa ta matso kusa da mu fiye da yadda ta yi tun 2003.

Wuri ya yi tsit. Tela ya miƙa wa dattijo madubin hangen nesa. Hannunsa na rawa, muka riƙe masa. Daga cikin gari muka ji yara sun fara kaɗa gwangwanaye da ƙwarya, suna roƙon a saki wata. Ba a fi minti biyar ba gajimare ya sake haɗewa.

Muka ce, “Baba, da ƙarfe 10 da minti 13 haske zai fara komowa. Ga agogo, riƙe da kanka.” Ya riƙe, muka haska masa fitila. Lokaci ya yi, ya wuce kaɗan, sai ga ɗan hasken nan ya sake tsirowa bayan gajimare, yana ƙaruwa. Kusan ƙarfe 11 saura kwata gajimare ya yi shara-shara, muka ga wata rabinsa fari, rabi cikin inuwa.

Dattijo ya miƙa mana agogo, ya ce, “Malam, na gani.” Kashegari ya faɗi haka a zauren mai unguwa, gaban waɗanda suka yi dariya. Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mai awaki bai sayad da ko ɗaya ba.

Me Ya Sa Ya Yi Ja?

Dattijon nan ya tambaye mu, “In inuwa ce, don me ba ta yi baƙi ba?” Tambaya ce mai kyau. Iska ta lulluɓe duniya ko'ina. Kun lura rana kan yi ja in za ta faɗi? Dalili, haskenta na ratsa iska mai yawa kafin ya iso mu, iskar ta watsar da shuɗin da ke cikinsa, ja ya wuce. Wannan jan haske shi ke bi ta gefen duniya, iska ta lanƙwasa shi ya faɗa cikin inuwar, har ya kai ga wata. In iskar duniya ta cika da ƙura ko toka, jan ya kan yi duhu ƙwarai. A 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya cika sama da toka. Husufin da aka yi cikin Disamba 1992 da ƙyar aka iya ganin wata.

Akwai wani abu kuma. Bakin inuwar da muka gani a jikin wata ba miƙaƙƙe ba ne, a lanƙwashe ya ke kamar bakin ƙwarya. Kullum haka ya ke, ko ta ina wata ya shiga. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce wani masani na ƙasar Girka, Aristo, ya lura da wannan, ya ce abin da inuwarsa ke kewayayya ta kowace fuska lalle ƙwallo ne. Ashe ran husufi mutum na ganin siffar duniya da idonsa.

Yaya A Ke Sanin Ranar?

Ba duba ba ne, ba tsafi ba. Lura ce da ƙidaya. Mutanen Babila, a ƙasar da yanzu a ke kira Iraƙi, fiye da shekara 2,500 da suka wuce, su kan rubuta kowane husufi bisa allunan yumɓu. Uba ya rubuta, ɗa ya ɗora, jika ya ɗora. Da aka jera rubutun sai aka ga husufi na komowa bayan wata 223, watau shekara 18 da kwana 11 da 'yan sa'o'i. Ku gwada da kanku. An yi husufi ran 16 ga Yuli 2000, amma mu nan da rana ne, ba mu gani ba. Ku ƙara shekara 18 da kwana 11. Kun sami 27 ga Yuli 2018. Ku sake ƙarawa, za ku sami 7 ga Agusta 2036. Masana na yanzu sun auna tafiyar wata sosai, shi ya sa su ke faɗin har minti.

Wanda bai san wannan ba, mai wayo na iya cutarsa. A 1504 wani matuƙin jirgin ruwa, Kolombas, ya maƙale da mutanensa a tsibirin Jamaika, jiragensu sun lalace. Mutanen tsibirin suka yi ta ciyad da su, har suka gaji da halin baƙin, suka daina. Kolombas na da littafin lissafin taurari, ya ga za a yi husufi ran 29 ga Fabrairu. Ya tara shugabanninsu, ya ce an yi fushi da su a sama, za su ga alama a jikin wata. Da wata ya yi ja, tsoro ya kama su, suka yi ta kawo abinci. Ya jira har husufi ya kusa ƙarewa, sa'an nan ya fito ya ce an yafe musu. Da sun san lissafin, da bai ci musu ko loma ɗaya da wannan dabara ba.

Malamanmu ma sun karantad da mu cewa rana da wata ba su yin husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Mai yin salla ran nan ya yi sallarsa cikin natsuwa. Amma kada wani ya ruɗe ku har ku salwantad da dukiyarku.

Shiri Don Gaba

Cikin 2029 za a yi husufin wata sau biyu da za a iya gani a ƙasarmu. Na fari ran 26 ga Yuni, tsakiyarsa wajen ƙarfe 4 da minti 22 na asuba, wata na yamma. Wannan cikin damina ne, sai a yi shirin hadari. Na biyu ran 20 ga Disamba, tsakiyarsa wajen ƙarfe 12 saura na dare, cikin hunturu, wata na bisa kai. Ga abin da muka koya:

1. Ku san lokacin tun da wuri, ku rubuta shi, ku tafi da agogo.
2. Ku zaɓi fili, inda itatuwa da gidaje ba za su tare muku ba.
3. In hadari ya rufe, kada ku yi saurin tashi. Husufi na daɗewa, gajimare na wucewa. Ku raba sama tsakaninku, kowa ya tsare gefe ɗaya.
4. Ku lura da hasken gajimare da duhun gari. Su ma shaida ne.
5. In walƙiya ta matso, ku koma gida nan da nan. Kada ku tsaya bisa dutse, ko a fili, ko gindin itace. Wata zai sake yin husufi, rai kuwa ɗaya ne.
6. Kallon husufin wata ba ya cutad da ido, babba ko yaro, mace ko namiji. Amma husufin rana kada ku kuskura ku dube shi da ido, yana makantarwa.
7. In za ku sanad da mutane, ku ce zai faru, kada ku ce lalle za a gani.

To, jama'a, iyakar abin da muka zo muku da shi ke nan. Yau da dare kowa ya nemi lemo da fitila ya nuna wa iyalinsa. Allah ya kai mu 2029 da rai da lafiya, ya ba mu sama tas.  

Tambayoyi

1. Inuwar mene ne ke faɗa wa wata ran husufi?
2. Daren nawa ga wata a ke yin husufin wata?
3. Yaya makiyayi ya gane husufi ya kama tun bai ga wata ba?
4. Wane kuskure malamai suka yi sa'ad da suka sanad da mutane?
5. In aka ƙara shekara 18 da kwana 11 bisa 16 ga Yuli 2000, wace rana za a samu?